Ɓari a wata na uku: yadda wani asibitin kuɗi na Yamai ya kula da ni

Idan maganar awon ciki ce ko haihuwa, kowace mace a Yamai tana da amsa a bakinta: sajfam (ungozomar asibiti) ɗin can tana da hannu, asibitin nan akwai tsabta, wancan kuma kuɗi kawai suka sani. Amma ranar da ciki ya lalace tun yana ƙarami, da wuya ki sami wadda za ta gaya miki inda ta je da abin da aka yi mata. Kowa ta yi shiru da nata. Shi ya sa nake rubuta wannan a kan wani asibitin kuɗi na mata da ke tsakiyar gari, inda aka kula da ni lokacin da na yi ɓari. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ƙorafi idan ya fito da suna, kan ƙananan ma'aikata yake sauka, alhali ba su suka tsara abin ba. Aikin likitanci na wurin mai kyau ne, zan iya tura ƙanwata can hankalina kwance. Abubuwan da ke kewaye da aikin su ne suke buƙatar gyara.

Ni malamar makaranta ce, muna zaune a Talaje, ƴaƴana biyu kuma duk lafiya lau na haife su. Ciki na uku ya kai wajen mako 10 a lissafina sai na fara ganin ɗigon jini mai duhu, babu ciwon mara, babu komai. Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne laulayin da ya addabe ni ya ɗauke kwatsam, warin miya ya daina damuna, nonona ya saki. Maigidana ya kai ni da safe kafin ya wuce aiki.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta fara yi min eko, wato hoton ciki na na'ura, ta saman ciki, sannan ta ce hoton bai fito yadda take so ba, ta nemi izinina ta duba ta ƙasa. Ta yi min bayanin abin da za ta sa, ta lulluɓe ni da zane, ta ce wa yarinyar da ke taimaka mata ta ja ƙofa. Da ta gama sai ta juyo da allon wajena ta nuna min da yatsa. Cikin yana cikin mahaifa, ta ce wannan shi ne abu na farko da take son tabbatarwa, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan zo da irin wannan ɗigon jini, shi kuwa yana iya fashewa ya kashe mace. Amma girman ɗan tayin na wajen mako 6 ne, milimita 5, kuma ba ta ga bugun zuciya ba.

A nan na fara yarda da wurin. Ba ta ce min ciki ya mutu ba. Ta ce ƙa'idarsu ita ce sai ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya kafin a yanke hukunci da awo ɗaya. Ƙasa da haka, mai yiwuwa lissafin watan ne ya goce, don haka in dawo bayan mako ɗaya aƙalla a sake dubawa. Ku tuna asibitin kuɗi ne. Da ta ce a yi min wankin ciki a ranar, da mun biya ba musu, domin mu ba mu san milimita ba. Duk wadda aka ce mata a wanke ciki bayan eko ɗaya tak, alhali ba jini take zubarwa sosai ba, ba zazzaɓi take ba, tana da haƙƙin ta tambaya ko an tabbata.

Makon jiran nan ya yi min nauyi. Surukata, mace mai ƙaunata wadda ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ta zo ta zauna bakin gado ta ce: "Ƴata, kada ki bari su taɓa shi. Kwanciya ya yi. Ciki yana kwanciya ya tashi, mun gani da idonmu." Ta aika aka kawo rubutu da wani jiƙo. Rubutun na sha, jiƙon kuma na ce mata sai na tambayi likita. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. A zamaninsu babu allon da ke nuna abin da ke cikin mahaifa, mace takan ga alamun ciki sun tsaya, bayan watanni ta sake samun wani, sai a haɗa su a ce ɗaya ne ya farka. Kuma maganar tana kare mace daga bakin mutane. Sai dai cikin da zuciyarsa ta tsaya ba ya komawa.

Awo na biyu ya nuna bai ƙaru ba ko kaɗan. Likitar ta ajiye abin awon, ta jawo kujera ta zauna daidai da ni, ta ce: "Madam, ki yi haƙuri, Allah bai yi zai rayu ba. Kuma ina so ki ji wannan da kyau: ba wani abu kika yi ba." Ta tambaya ko a kira maigida, na ce a kira shi. A gabansa ta maimaita cewa a cikin kowane ciki 100 da aka san da shi, wajen 15 suna zubewa, mafi yawa a watanni ukun farko, kuma kusan rabin irin wannan ɓarin daga tsarin halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka haɗa shi, abin da babu hutu ko maganin da zai gyara. Ba hawan babur ba ne, ba shara ba ce, ba tsayuwa gaban allo ba ce. Ban san ko ta fahimci girman abin da ta yi min ba. A gida an riga an fara cewa aikin makaranta ne ya jawo, wasu ma sun fara waige-waige suna neman mai hannu a ciki. Da maigidana ya koma da maganar likita daga bakinsa, zancen ya mutu.

Sannan ta ce hanyoyi uku ne, kuma ni zan zaɓa: a jira jiki ya fitar da kansa, ko a ba ni magani ya taso da shi, ko a zuƙe shi da na'ura. Kafin ta yi bayanin ko ɗaya sai ta shiga yi min tambayoyin da da farko ban ga haɗinsu da ciwona ba. Ina muke zaune? Akwai mota ko babur a gidan da dare? Wa zai kwana da ni? An taɓa yi min aiki a mahaifa? Ina jin jiri idan na miƙe? Ta tura ni aka ɗebi jini don a ga yawansa da rukuninsa. Daga baya na gane tambayoyin nan su ne zuciyar aikin. A takarda duk hanyoyin uku amintattu ne ga macen da ba ta da zazzaɓi kuma jini bai ɓalle mata ba. Amma macen da ke bayan gada ko can ƙarshen gari, babu abin hawa da dare, jininta kuma dama ƙasa yake kamar yadda yake ga yawancinmu a ƙasar nan, ba daidai take da wadda ke da mota a ƙofar gida ba. Jinina ya isa, rukunina kuma mai alamar ƙari ne. Ta ce da mai alamar ragi ne, akwai allurar da ake so a yi cikin awa 72 don kare cikin da zai zo nan gaba.

Jira ban daɗe ina tunaninsa ba. Ta ce ya fi yin aiki ga wadda ɓarin ya riga ya fara, jini yana fita, bakin mahaifa ya buɗe. Irin nawa da ya tsaya shiru yana iya ɗaukar makonni, kuma babu mai sanin ranar. Na tuna ajina, yara maza da mata sun cika shi, ni kuma a tsaye da alli. Na ce a'a.

Na zaɓi magani, domin ina tsoron a sa min ƙarfe, kuma ina son in kasance a ɗakina. Sunan maganin misoprostol, ƙwaya ce ƙarama mai maikirogiram 200, ana sa huɗu a lokaci ɗaya ga irin halina. Yana tausasa bakin mahaifa ya sa ta matsa ta fitar da abin da ke ciki. Likitar ta gaya min gaskiyar da ba dole ba ne ta gaya min: akwai wani na biyu, mifepristone, da ake sha kwana ɗaya ko biyu kafin wannan, kuma haɗin biyun ya fi aiki a cikin da ya tsaya shiru. Shi ne ma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2022. A wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2018, mata wajen 84 cikin 100 da suka sami haɗin sun gama da zubi ɗaya, waɗanda suka sami misoprostol kaɗai kuwa wajen 67. Ta ce su ba su da shi a wurinsu, don haka in sa a raina cewa mai yiwuwa a sake zubi, ko a ƙarasa da na'ura. Na yaba da gaskiyarta, amma ban yaba wa asibitin ba. Wurin da ya rubuta a ƙofarsa cewa na mata ne, yana karɓar kuɗin da yake karɓa, ya kamata ya nemi abin da ya fi aiki ya ajiye.

Ko misoprostol ɗin ma ya ƙare a farmasinsu ranar. Aka ba maigidana odonans, wato takardar sayen magani, ya fita nema. Ya ce mai farmasin da ya samu ya daɗe yana kallonsa, ya juya takardar gaba da baya, sai da ya buga wa likitar waya kafin ya ba shi. Ban zargi mai farmasin ba, aikinsa ya yi: maganin nan an san ana zubar da ciki da shi, dokar ƙasarmu kuma ta tsaurara a kan haka. Amma shi ne dai maganin da ake tsayar da jinin bayan haihuwa da shi, kuma kula da macen da ta yi ɓari ba laifi ba ne a ko'ina. Bai kamata a bar mutumin da aka gaya wa yanzun nan ya rasa ɗa yana yawo a rana ana yi masa kallon tuhuma ba. Kuma irin wannan kunyar ce take tura wasu wajen masu tallar magani a tebur, inda ƙwayar ta sha zafi da iska har ƙarfinta ya tafi, babu wanda ya yi eko ya tabbatar cikin ba a wajen mahaifa yake ba.

Sajfam ɗin wurin, dattijuwa ce da kowa ke ce wa Tanti, ita ta sa min ƙwayoyin ta ƙasa, ta ce in kwanta kamar rabin awa kafin in tafi. A wannan kwanciyar ta gaya min dalla-dalla abin da zan gani. "Ƙanwata, za ki ji sanyi har haƙoranki su kaɗa, kada ki ce masassarar sauro ce. Cikinki zai iya ɓaci. Mararki za ta murɗa kamar farkon naƙuda. Za ki ga guda-gudan jini, wataƙila ki ga wani abu fari-fari kamar jaka. Ki ajiye farin ƙyalle kusa." Ta ba ni ibuprofen ta ce in sha tun ciwon bai taso ba.

Haka kuwa aka yi, babu abin da ta rage. Bayan la'asar sanyin ya kama ni, a watan zafin Yamai, ana fifita ni ina neman bargo. Inna, ƙanwar mahaifiyata da ta zo ta zauna da ni, ta tsorata ƙwarai, sai ni nake ba ta haƙuri ina cewa an gaya min. Ciwon mara ya fi na al'ada nesa ba kusa ba, yana zuwa yana lafawa, ina durƙushe na dafa bakin gado. Wajen isha'i jinin ya sauko da ƙarfi. Abin da Tanti ta siffanta ya fito, ƙarami ƙwarai, bai cika tafin hannu ba. Inna ta naɗe shi a farin ƙyallen da hannunta, tana ambaton Allah a hankali, maigidana ya karɓa ya fita da shi ya binne. Da ba a shirya ni ba, da a masai zai tafi ban sani ba, kuma na san wannan zai daɗe yana cina.

A daren nan ne kuma asibitin ya ba ni kunya. Sun ba ni takardar alamomin haɗari, amma da Faransanci kawai. Ni na iya karantawa, Inna ba ta iya ba, ita kuwa ce za ta yanke shawara idan na suma. A garin da Zabarmanci da Hausa suke cika kasuwa da gida, rubuta layi kaɗan da harsunan biyu ko yin zane ba zai gagari kowa ba. Sun kuma rubuta lambar waya suka ce a kira ko da wane lokaci. Da jinin ya yi yawa maigidana ya kira, ya sake kira, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Da safe aka ce wayar tana ofis, mai gadin dare ba shi da makulli. Idan za ku sallami mace da wannan magani ta koma gida, lambar nan rabin maganin ce.

Abin da ya riƙe mu shi ne ma'aunin da Tanti ta sa na maimaita mata da bakina. Idan ina jiƙa manyan audugar mata biyu sharkaf a cikin awa ɗaya, awa biyu a jere, in taho. Idan jiri ya kama ni ko idona ya yi duhu, in taho. Idan zazzaɓi ya wuce yini ɗaya bayan maganin, ko abin da ke fita ya fara wari, ko ciwon ya ƙi jin magani, musamman a gefe ɗaya, in taho. Ta ce da dare kada mu tsaya neman wanda ya san mu, mu nufi asibiti mafi kusa, ko kai tsaye Matarnite Isaka Gazobi, babban asibitin haihuwa da ake tura masu matsala daga ko'ina, wanda ba ya rufewa. Inna ta riƙa jera audugar a roba tana duba agogon waya. Bai kai ma'aunin ba, kafin asuba ya ja baya. Ina ba duk mai wannan hali shawara ta yi amfani da audugar kanti a daren, ba tsumman ƙunzugu ba, domin da ita ake iya ƙiyasta jinin.

Na ɗauka an gama. Amma jinin ya ƙi tsayawa, yau ya ragu gobe ya dawo, jikina babu ƙarfi. Ranar da aka ce in koma, eko ya nuna akwai saura a mahaifa. Likitar ba ta nuna mamaki ba, ta tuna min ta faɗa tun farko. Ta ce ko a sake zubin magani, ko a zuƙe. Na gaji, na ce a zuƙe.

Tsoron wankin ciki da nake da shi daga labarin manyanmu na gado shi. Gwaggona da aka yi wa a shekarun baya ta ce sai da aka sa ta barci, aka kankare mata mahaifa da ƙarfe mai baki kamar yadda ake kankare ƙanzo a gindin tukunya, ta yi kwanaki a gado. Wanda aka yi min ba shi ba ne. Ma'aikatan suna ce masa AMIU: ƙaton sirinji ne na roba mai ɗaukar mililita 60, da siririn bututun roba da ake zurawa ta bakin mahaifa, iskar da aka janye daga sirinjin ita ke zuƙo abin da ya rage. Ba ya buƙatar wutar lantarki, abin da ba ƙaramar magana ba ce a garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa a bar kankara da ƙarfe a koma zuƙa, domin ta fi sauƙin ciwo da zubar jini, kuma ba ta cika barin tabon da ke manne bangon mahaifa ya hana al'ada ko haihuwa ba. Duk inda aka ce za a yi miki wanki, ki tambaya da me za a yi.

Kafin in sa hannu likitar ta karanta min haɗurran ba tare da ta tsorata ni ba: ƙwayar cuta na iya shiga, shi ya sa ake ba da maganin kariya tun kafin a fara, bututun na iya huda mahaifa, amma abu ne mai wuyar faruwa, wani lokaci ɗan saura kan tsira, sai dai sama da 95 cikin 100 ana gamawa a zama ɗaya. Aka ba ni maganin ciwo na haɗiye. Ɗakin ƙarami ne, tsaf-tsaf, na ga an fasa ledar bututun a gabana. Aka yi min allurar kashe zafi a bakin mahaifa, wadda ta ɗan yi yaji. Tanti ta tsaya wajen kaina ta riƙe hannuna, tana tambayata aji nawa nake koyarwa, yaran suna jin magana kuwa, wane darasi suka fi ƙi. Na san dabara ce, kuma ta yi aiki. Likitar tana faɗin kowane mataki kafin ta yi shi. Ba zan ce babu ciwo ba. Wajen ƙarshe, lokacin da mahaifa ta matse bututun, na ji murɗa mai ƙarfi har na yi salati da ƙarfi, Tanti ta ce: "Shi ke nan, alamar ta wofinta ke nan, sannu." Duka bai wuce kwata na awa ba. Likitar ta zuba abin da ta zuƙo a ƙaramin kwano ta duba shi a ƙarƙashin fitila, ta ce tana tabbatarwa ne cewa naman ciki ne na ƙa'ida, ba irin wanda ke fitowa ƙwaya-ƙwaya ba, wanda shi sai an bi shi da awo na watanni. Na huta a gadon gefe, aka auna tansiyona, aka ba ni shayi, kafin azahar ina gida. Washegari jinin ya koma ɗigo.

Tun da na ɗanɗana biyun, mata suna tambayata wanne ya fi. Magani ya ba ni ɗakina da mutanena, ya ba mu abin da muka binne, amma ya zo da dogon dare da rashin tabbas. Zuƙa ta fi kunya da tsoro kafin a fara, ta fi tsada, amma an yi an gama a gaban masu sani. Macen da jininta ya yi ƙasa, ko gidanta da nisa, ko babu mai kwana da ita, ni dai zan ce ta karkata ga zuƙa. Wadda jini ya ɓalle mata ko zazzaɓi ya shiga kuwa, babu maganar zaɓi, gaggawa ce.

Kuɗi. Ganin likita jika 5 (wato sefa dubu 5), eko jika 10 kuma kowane zuwa sai an sake biya, zuƙa jika 40, ga awon jini, ga magunguna. Da muka haɗa takardun ya haura jika 90 na sefa. Ban ce sun yi zalunci ba, asibitin kuɗi ne, kuma ana yin wannan aikin a asibitocin gwamnati da rahusa, ƙwararrun sajfam ma suna yinsa. Ƙorafina shi ne babu wanda ya gaya mana jimilla tun farko. Likitar ta shimfiɗa min hanyoyi uku da amfaninsu da haɗarinsu, amma farashinsu sai a taga ake jinsa, ɗaya bayan ɗaya. Da mace ta san cewa magani da eko na bibiya da yiwuwar zuƙa a ƙarshe zai iya fin zuƙar kai tsaye tsada, wataƙila lissafinta ya canza. Ga mai albashin malanta, farashi ma yana cikin bayanin da ake bin likita.

Abin da ya fi duk waɗannan ci min rai shi ne wurin jira. Benci ɗaya ne ga kowa. Na zauna tsakanin mai cikin wata takwas da mai jego da ta kawo jariri rigakafi, ƙamshin turarensa yana dukan hancina. Wata baiwar Allah ta juyo da fara'a ta ce: "Ke wata nawa ne?" Da zuciya ɗaya ta tambaya. Na ce mata awo na zo. Can sai mai kiran suna ta leƙo daga taga ta ɗaga murya: "Ina mai ɓarin nan?" Duk bencin ya waiwayo. An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, kuma matan wurin sun nuna haka, wata ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya mayar da alheri. Amma ba ni na zaɓi su sani ba. Akwai wani lungu kusa da ɗakin eko da aka tara kwalaye a ciki, kujera biyu za su shiga.

Bayanin sallama ya yi kyau, kuma ba a gaggauta shi ba. Tanti ta ce al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ƙwai na iya sauka tun bayan mako 2, wato mace na iya ɗaukar wani cikin kafin ta ga jini ko sau ɗaya. Ta tambaya ko muna son tazara, ta nuna min abin da suke da shi, ba ta tura ni ga ko ɗaya ba. Ta ce a dakata da kwanciyar aure sai jini ya ɗauke, in sha ƙwayar ƙarin jini mai haɗe da folik, in yi gwajin fitsari bayan mako 3, idan har ya nuna ciki in dawo. Likitar ta ƙara da cewa ɓari ɗaya ba ya nufin mahaifa ta lalace, mafi yawan mata cikinsu na gaba lafiya yake zuwa. Da Inna ta kawo maganar wankan ruwan zafi da kunun kanwa, Tanti ba ta yi mata dariya ba. Ta ce: "Inna, ku yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, ku ba ta kunu da nama da zogale, amma kanwar a rage, kuma kada a cusa komai a gaba, ko ganye ko turare." Na tambaye ta batun salla da wannan jinin, ta ce ita aikinta jiki ne, in kai tambayar ga malamai in gaya musu watannin cikin da abin da ya fita. Likitar kuma ta tambaye ni ko ina barci, ta rubuta min takardar hutu ba tare da na roƙa ba.

Da na warware na koma na nemi majo na wurin, wato shugaban ma'aikatan jinya, na zayyana masa abubuwa huɗun nan: waya, takarda, farashi, benci. Ya saurara, ya rubuta a littafi, ya ba ni haƙuri. Wata abokiyar aikina da ta je awo bayan haka ta ce yanzu an manna jerin farashi a jikin tagar biyan kuɗi, kuma ta ga waya a hannun mai gadin dare. Takardar har yanzu da Faransanci take, kwalayen kuma suna nan a lungunsu.